Kiɗan Fiyano a Ƙasar Hausa: Tarihinsa da Dalilan Ƙaunar Sautin Tsofaffin Na'urori

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saurari waƙoƙin finafinan Hausa na ƙarshen shekarun 1990 zai ji wani sauti mai laushi, mai dogon numfashi, kwance a ƙarƙashin muryar mawaƙi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ba ya tsinkewa kamar bugun kalangu, ba ya kuma tashi sama ya yi gasa da murya kamar busar algaita. Na'urar lantarki ce take samar da shi, wato wadda Hausawa suka raɗa wa suna fiyano. A lokacin da wannan sauti ya bayyana, dattawa da manazarta da dama sun ɗauke shi baƙon da ya zo raba makaɗan gargajiya da sana'arsu. Yau kuwa, bayan fiye da shekara ashirin da biyar, shi ne ake nema idan ana son waƙoƙin tuna baya.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan sauti: inda aka ƙirƙiro shi, da hanyar da ya biyo ya shigo ƙasar Hausa, da dalilan da suka sa tsofaffin na'urorin da suka samar da shi suke da farin jini har yanzu. Za a yi amfani da kalmomi uku. Sintesaiza ita ce na'urar da take ƙera sauti da lantarki. Akwatin sauti shi ne sintesaizar da ba ta da maɓallan dannawa, sai an jona ta da wata na'urar kafin ta yi amo. Sautin shimfiɗa kuwa shi ne dogon sautin nan da aka ambata, domin sunan da Turawa suka ba shi ma yana nufin abin da ake shimfiɗawa a ɗora wani abu a kai.

2.0 Asalin Sintesaiza da Akwatin Sauti

A shekarar 1964 ne Robert Moog ya nuna sintesaizarsa ta farko a Amurka. Tarin akwatuna ce da ake haɗa su da wayoyi, kuma ita da ƙanwarta Minimoog ta 1970 amo ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda, kamar mai busa sarewa. Saboda haka ba su dace da sautin shimfiɗa ba, tun da shi yana bukatar amo uku ko huɗu su tashi tare su daɗe. Aka fara cike wannan giɓi da na'urori irin su Solina, wadda kamfanin Eminent na ƙasar Holan ya fitar a 1974 don kwaikwayon taron masu goge na Turawa. Dabararta ita ce ta ɗauki sauti ɗaya ta rarraba shi kashi-kashi, ta riƙa jinkirta kowane kashi da ɗan taƙi, sai kunne ya ji kamar mutane da yawa ne suke kiɗa tare. Prophet-5 ta biyo baya a 1978 da amo biyar da kuma ikon adana sautin da aka tsara, sannan Juno-60 ta kamfanin Roland a 1982 da amo shida.

Shekarar 1983 ta zo da abubuwa biyu. Na farko shi ne Yamaha DX7, wadda take ƙera sauti ta hanyar lissafi, bisa dabarar da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. Na biyu shi ne MIDI, wato yarjejeniyar da kamfanoni suka yi a kan harshe ɗaya da na'urorinsu za su riƙa magana da shi, a bisa jagorancin Dave Smith da Ikutaro Kakehashi. Wannan yarjejeniya ita ce uwar akwatin sauti. Tun da fiyano ɗaya zai iya ba na'urori da yawa umarni ta waya guda, babu dalilin da zai sa kowace na'ura ta zo da nata maɓallan. Sai kamfanoni suka shiga cire maɓallan suna sayar da cikin kawai, a akwatin ƙarfe da ake jerawa a kanta.

Daga nan sai aka koma ga ɗaukar ainihin sautin kayan kiɗa a adana shi a cikin na'ura. Roland D-50 ta 1987 takan ɗauki ɗan guntun farkon sauti na gaske, kamar hurawar farko ta mai busa, ta liƙa shi da dogon sautin lantarki. Korg M1 ta 1988 ta tara sautukanta duka a ma'adanar da ba ta wuce megabait huɗu ba. Akwatin Roland JV-1080 na 1994 yana da megabait takwas, yana kuma iya fitar da amo sittin da huɗu a lokaci guda. Waɗannan su ne na'urorin da masu sha'awar tsohon sauti suka fi ambata a yau, kuma galibi sautin shimfiɗarsu ne ake yabo.

3.0 Dogon Sauti a Kiɗan Hausa na Gargajiya

Kunnen Bahaushe ya san dogon sauti tun kafin zuwan lantarki. Mai algaita yakan tara iska a kumatu ya riƙa shaƙar wata ta hanci, ta yadda busarsa ba ta yankewa. Mai goge irin su Garba Liyo, da masu kukuma irin su Ahmadu Doka da Hassan Wayam, sukan ja izga a kan tsirkiya sautin ya yi ta gudana. Sai dai duk waɗannan layi ɗaya suke bi. Goge yana tafiya tare da murya, ko ya amsa mata, ko ya gabace ta. Tsarin waƙar baka ta Hausa a kan jagora da 'yan amshi da ganga aka gina shi, kamar yadda ake gani a ƙungiyar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo. Tara amo uku mabambanta a riƙe su wuri guda su zame wa waƙa tabarma, wannan ba ya cikin tsarin.

Abin da ya share wa wannan sabon tsari hanya shi ne finafinan Indiya, waɗanda aka yi shekaru ana nunawa a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos da Zariya tun kafin zuwan bidiyo. Waƙoƙinsu cike suke da taron gogunan Turawa da suke kwanciya a bayan murya, musamman a wuraren soyayya da na baƙin ciki. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubuce-rubuce a kan yadda waɗannan finafinai suka ratsa zukatan Hausawa. Ke nan matashin da ya taso yana kallonsu ya riga ya alaƙanta wannan laushin sauti da bege da kewa, abin da ya rage masa kawai shi ne kayan aikin da zai samar da shi ba tare da ya tara makaɗa arba'in ba.

4.0 Shigowar Na'ura: Yamai da Kano

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan kiɗan lantarki a wannan yanki daga Jamhuriyar Nijar ya fito. Mamman Sani Abdullahi, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wata ogan ta lantarki ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda a wurin wani taro. Ogan ba cikakkiyar sintesaiza ba ce, amma tana riƙe amo muddin yatsa yana kanta, kuma wannan shi ne ginshiƙin sautin shimfiɗa. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, inda ya zuba karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye a cikin wannan na'ura. Kaset kaɗan aka buga, amma rediyo da talbijin na Nijar sun yi shekaru suna sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, har mutane da yawa suka san sautin ba su san mai shi ba.

A Kano kuwa, harkar finafinan bidiyo ce ta buɗe ƙofa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinai suka yi ta ƙaruwa, kuma kowane fim yana bukatar kiɗa. Ɗaukar makaɗan gargajiya yana da tsada da wahala, sannan kiɗansu na yabo da na sana'a bai cika dacewa da labarin soyayyar samarin birni ba. Binciken Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa Nasir Ishaq Gwale yana cikin waɗanda suka fara sa wa finafinai kiɗa da ɗan ƙaramin fiyano na Casio, kuma a 1996 kamfanin Iyan-Tama ya sayi Yamaha PSR-220, ya buɗe hanyar ɗaukar waƙa a situdiyo. Da aka samu PSR-730, wadda ta fi yawan sautuka, sai waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ta fito a 1999 ta game gari. Daga nan fim marar waƙa da rawa ya zama da wuyar sayuwa a kasuwa. A wannan shekarar ce kuma Allah ya yi wa Mamman Shata rasuwa, abin da ya sa shekarar ta zama kamar kan iyaka tsakanin zamani biyu na kiɗan Hausa.

Ya kamata a lura cewa abin da ya yi tashe a Kano fiyanon gida ne mai maɓallai da lasifika a jikinsa. Sai dai cikinsa da cikin akwatin sauti dangin juna ne. Yamaha ya fito da tsarin sautukansa mai suna XG a akwatin MU80 a 1994, kuma wannan tsarin ne aka sa a cikin PSR-730. Wato sautin da mawaƙan Turai suke saye a akwatin ƙarfe, irinsa ne ya iso Kano a cikin fiyanon roba mai rahusa. Hakan ya taɓa faruwa a Jamaika, inda wani kiɗa da aka ajiye a cikin ƙaramin Casio MT-40 ya haifar da salon Sleng Teng a 1985, ya juya akalar kiɗan rege baki ɗaya.

Akwai kuma sauyin da ya shafi zamantakewa. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma ɗan malami ko ɗan attajiri ba ya rataya kalangu. Fiyano kuwa ba shi da gidan gado, babu Sarkin Makaɗan da za a nemi izininsa, kuma kamarsa ta fi kusa da keken rubutu a kan ganga. Wannan ya ba 'yan makaranta damar shiga harkar ba tare da an kira su maroƙa ba.

5.0 Jerin Sautuka 128 da Kunnen Bahaushe

A 1991 kamfanoni suka amince da wani jeri na bai-ɗaya mai suna General MIDI, wanda ya ƙunshi sautuka 128, kowanne da lambarsa. Daga lamba 89 zuwa 96 sautukan shimfiɗa ne guda takwas. Daga 105 zuwa 112 kuwa an ware su ga kayan kiɗan al'ummu, inda aka sa sitar da shanai na Indiya, da shamisen da koto na Japan, da kalimba ta Afirka. Babu goge a jerin, babu algaita, babu kalangu, babu gurmi. Abin da zai ja hankalin masanin harshe shi ne lamba 114, agogo, wato ƙararrawar ƙarfe da sunanta ya tashi daga Yarbanci ya bi ta Barazil ya shiga jerin, kuma ita ce kalmar da Hausa ta ara ta sa wa abin duba lokaci.

Saboda haka mai fiyano a Kano ya zama kamar mai fassara da ƙamus ɗin da ba a yi don harshensa ba. In yana son algaita, shanai ce ta fi kusa. In yana son sarewa, sai ya zaɓa daga cikin sarewun Turawa da na Japan. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kiɗan ya riƙa yin ƙamshin Indiya ko da waƙar ba kwaikwayo ba ce, domin na'urar da kanta ta fi sanin Indiya a kan Hausa. Sautin shimfiɗa ne kaɗai bai zo a madadin komai ba. Ba a ɗauko shi don ya maye gurbin wani kayan kiɗa na gida ba, sabon abu ne ɗungurungum, shi ya sa ya zama tambarin zamanin.

6.0 Fiyano da Harshen Hausa

Hausa harshe ne mai karin sauti, yana da na sama da na ƙasa da faɗau, kuma ma'anar kalma takan rataya a kansu. Tun a 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da karin waƙa a wata waƙar Hausa, kuma abin da aka sani shi ne mawaƙi yakan kiyaye hawa da saukar kalma gwargwadon hali, ko da yake ba a kowace gaɓa ba. A nan sautin shimfiɗa ya yi dace. Tun da ba ya hawa ba ya sauka sai jefi-jefi, ya bar wa murya filin bin karin kalmomi. Kalangu yana kwaikwayon magana, shi kuwa saurarenta yake yi. Inda matsala take shi ne maɓallan fiyano an yanka su daki-daki guda goma sha biyu daidai wa daida, alhali goge da murya sukan zame a tsakanin dakunan. Wannan zamiya tana cikin abin da ya ragu a waƙar situdiyo, musamman bayan yaɗuwar manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, mai jan murya ta zaunar da ita a kan daki.

Ta fuskar kalmomi ma an samu ƙaruwa. Kalmar fiyano ta bi ƙa'idar aro da aka sani, inda /p/ ta Ingilishi take komawa /f/, kamar a fensir da famfo, sannan ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗiye duk wata na'ura mai maɓallai. A situdiyo an raba cunkoson baƙaƙe da wasali. Faifai, wanda asalinsa murfin ƙwarya ne na kaba, ya riga ya koma kan na garmaho, daga baya kuma ya koma kan sidi. Kalmar nanaye kuwa, wadda aka ciro daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali, ita ta zama sunan salon gaba ɗaya.

7.0 Zuwan Kwamfuta da Komawa ga Tsohon Sauti

A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda daga baya ya ba da damar sa sintesaiza a cikin kwamfuta a matsayin manhaja. Manhajar FruityLoops ta Beljiyam ta biyo baya, kuma a cikin shekarun 2000 situdiyoyin Arewa suka koma kan kwamfuta. A duniya baki ɗaya darajar akwatunan sauti ta faɗi, aka yi ta sayar da su a wulaƙance. Amma ba a daɗe ba sai aka waiwaye su. Korg da Roland da kansu sun sake fitar da M1 da D-50 da JV-1080 a sifar manhaja, domin masu nemansu sun ƙi ƙarewa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na 1978, ya kuma fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. A shekarar ce kuma Luaka Bop ya tattara ayyukan William Onyeabor na Inugu, wanda ya yi kiɗa da na'urorin Moog. Mamman Sani, wanda ake ji a gida ba a san sunansa ba, ya samu kansa yana kiɗa a Turai.

Za a iya kawo dalilai uku na wannan ƙauna. Na farko, ƙarancin ma'adana. Injiniyan da aka ba megabait huɗu ya cusa kayan kiɗa fiye da ɗari dole ya yanke kowane sauti ya zama guntu, ya sa shi ya riƙa zagayawa, sannan ya lulluɓe ɗinkin da amsa-kuwwa da rarraba sauti. Wannan rufin asiri shi ya ba sautin shimfiɗa motsin nan nasa mai kama da numfashi, kuma kowane kamfani da irin nasa ɗinkin, har gwani yakan gane na'ura da jin amonta. A ƙasar Hausa an ƙara da kaset, wanda yake rage kaifin sauti ya daɗa masa ɗumi.

Na biyu, iyaka tana koyar da gwaninta. Wanda yake da fiyano ɗaya ya san kowane sauti da lambarsa kamar yadda makaɗi ya san fatar gangarsa, ya kunna ya hau aiki nan take, abin da yake da muhimmanci a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Mai kwamfuta kuwa yana da dubban sautuka, yakan ɓata yini yana zaɓe.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, shi ne tunawa. Sautukan da kamfani ya tsara su zo da na'ura, irin su Fantasia na D-50 da Universe na M1, an yi amfani da su a waƙoƙi da tallace-tallace da finafinai ba adadi, har suka zama muryar shekarunsu. Haka abin yake ga wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Katsina ko Maraɗi a zamanin Sangaya. Da ya ji wannan shimfiɗa, ɗakin kallon bidiyo da shagon mai kaset da bikin 'yar'uwa ne suke dawo masa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda sautin shimfiɗa ya faro daga ƙoƙarin Turawa na kwaikwayon taron masu goge, ya shiga akwatunan sauti bayan 1983, ya iso ƙasar Hausa a cikin ogan da fiyanon gida, ya tarar da kunnen da finafinan Indiya suka riga suka shirya masa. Kukan da aka yi cewa fiyano ya rage wa makaɗan gargajiya kasuwa yana da tushe. Sai dai shi ma kiɗan fiyanon na farko yanzu ya shiga sahun abin da ake tsoron ɓacewarsa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, ƙananan faifan da PSR-730 take adana kiɗa a kansu sun daina samun na'urar karantawa, fiyanon da ya mutu kuwa 'yan gwangwan ne magadansa.

David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa na gargajiya a ƙamus ɗinsu na 1971, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka a littafinsa na 1993. Irin wannan aiki ne kiɗan situdiyo yake bukata daga sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i: a zauna da makaɗan fiyano na farko a ji sunayen da suke kiran sautuka da salon kiɗa da su, a rubuta irin na'urar da aka yi kowace waƙa da ita, a kwafe kaset ɗin da suka rage, a kuma ajiye na'urorin kansu a gidajen tarihi kusa da kalangu da kotso. Da yawa daga cikin waɗanda suka danna maɓallan nan a shekarun 1990 suna raye, kuma a bakinsu kalmomin suke.